Ka Amsa Musu, Ka Yi Dariya

Pauwa, Ƙanƙara
Satumba, 2021

Zuwa ga Yaya Mamuda, a Sabuwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya Hajaratu da yara duka. Mu nan lafiya lau, sai zazzaɓin damina da ya kwantar da 'yata Nana Aisha, amma ta tashi, har ta fara neman ɗumame da safe. Gero ya nuna, ana yankan na kusa da gari. Na bakin daji kuwa ba mai zuwa.

Kada ka yi mamakin rubutun nan, hannuna ne. Ajin matan aure da nake zuwa wurin Malama Najiba ya yi mini rana. Tun da aka yanke waya a nan da can wajenku, ba ni da hanyar jin labarin ɗana Maharazu sai takarda.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na ba Nata'ala direba ƙunshin ƙuli-ƙuli da yaji ya kai wa yaron. Da ya dawo yana ba ni labari yana dariya. Ya ce ya tsaya bakin layinku ya tambayi yara ina Maharazu na gidan Malam Mamuda mai hatsi, suka ce ba su san shi ba. Ya ce musu dogo, fari, wanda ya zo daga Pauwa bara. Sai wani ya ce, "Au, Kacalla kake nufi! Kai, ku kira Kacalla, an kawo mai saƙo daga daji." Duk suka kwashe da dariya. Yaron ya fito ya karɓi ƙunshin kansa a sunkuye, ko lafiyata bai tambaya ba.

Ni ban yi dariya ba, Yaya. Kacalla sunan da ake kiran manyan 'yan bindiga ne. Su suka kore shanun babansa, su suka bar shi kwance a gona. Na san babansa Bafulatani ne, kuma yaron ya ɗauko farinsa da tsayinsa, amma a garin nan aka haifi marigayin, a nan aka rufe shi. Na kawo maka Maharazu ne don malamai sun daina zuwa makarantarmu, kuma ba ni da wan da ya wuce ka, tunda babanka da babana ciki ɗaya suka fito.

Don Allah ka bincika mini wa ya sa masa sunan nan, ka hana. Ka ba Nata'ala amsa, yana bi ta Funtuwa duk mako in hanya ta yi kyau.

Ƙanwarka,
Suwaibatu

Sabuwa
Satumba, 2021

Suwaiba 'yar boko,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na sa tabarau na duba na sake dubawa, na ce lallai duniya ta ci gaba. Muna lafiya. Hajaratu tana fama da ƙafa, ciniki kuma ya ja baya tun da aka rufe kasuwannin ƙauye, amma mun gode Allah.

Bincike kika ce in yi? Ai ba sai na yi nisa ba, mai laifin yana cin tuwo a gidana. Yahuza ne. Ranar da ɗanki ya sauka ya zo da malafa da sandar babansa. Yahuza na ganinsa ya ɗaga hannu sama ya ce, "Wayyo, Kacalla ya shigo gari, ku ɓoye awaki!" Har Hajaratu sai da ta riƙe ciki. Daga nan sunan ya zauna.

Suwaiba, kin manta su wane ne su? Ke mace ni namiji, 'ya'yanmu taubasai ne. Ɗan mace bawan ɗan namiji ne a wasa, haka muka taras, haka kakanninmu suka taras. In taubashi bai tsokane ka ba, wa zai tsokane ka? Kuma Yahuza zaman banza ya yi masa yawa. Da in ya taso makaranta yana shagon cajin waya, yanzu ba waya ba ciniki, sai baki.

Abin da ya kamata ki damu da shi daban ne. Ɗanki yana da zuciya. Kwanan baya ya kai wa Yahuza naushi har leɓe ya fashe. Na sa shi ya durƙusa ya ba shi haƙuri a gaban yara. Ba don Yahuza ɗana ne ba. A gidanmu ba a taɓa jin wanda ya daki taubashinsa saboda wasa ba, kuma ba a kaina za a fara ba.

Ke kin manta Gide, ɗan Gwaggo? Lokacin da kike in-ina, ba shi ya sa miki Su-su-suwaiba ba? Ga ki nan kin yi aure, kin haihu, har kina rubuta wasiƙa. Shi ma yana Tafoki da iyalinsa, in kun haɗu a biki kuna gaisawa. Wa ya mutu?

Ki rubuto ki yi wa ɗanki faɗa ya rage zafin rai. Karatunsa dai ba laifi, malaminsu ya ce yana da kai a lissafi.

Yayanki,
Mamuda

Pauwa
Oktoba, 2021

Yaya Mamuda,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Allah ya ba Yaya Hajaratu lafiya, ta gwada man shanu da ɗumi a ƙafar. Mu lafiya. Mun shigar da gero, bai kai na bara ba.

Ka tambaye ni ko na manta Gide. Ban manta ba. Bari in gaya maka yadda nake tuna abin, don kai daga waje ka gani.

Lokacin da wasan yake cikin gida ina iya jurewa, don in ya dame ni sai in shige ɗakin Inna. Da Gide ya kai shi makaranta ne ya fi ƙarfina. Muna aji biyu. In malam ya ce in tashi in karanta, kafin in buɗe baki aji duka sun fara "su-su-su" kamar masu korar kaji daga shanya. Malam yana rufe baki da littafi, kafaɗarsa tana rawa. Kai kana ajin gaba, ta taga kake leƙowa. Waɗannan yaran ba taubasaina ba ne, Yaya. Gide kaɗai ne taubashina, amma da ya buɗe ƙofar kowa ya shigo. Ranar da fitsari ya kufce mini a tsaye gaban allo, ban sake komawa ba. Da safe sai in ɗauki jaka in zagaya bayan rumbu in zauna har a taso. Da Baba ya gane sai ya ce tunda ba ta so a ɗora mata talla.

Na kai ƙara wurin Kaka Amatullah. Ta yaye zane ta nuna mini tabo a ƙwaurinta, ta ce nata taubasan ne suka ɗaure ta a turmi ranar cika-ciki, igiyar ta ci nama. Tana faɗa tana dariya. Kowa a gidanmu yana da tabon da yake nunawa yana dariya. In-inar ta bar ni da kanta bayan na haihu, karatun kuwa sai da furfura ta fara fito mini na koma nemansa. Gaskiyarka, ban mutu ba.

Duk da haka na zauna na yi tunani a kan maganarka. Akwai wata yarinya a ajinmu da ake tsokana da ƙaton kai. Ita da kanta take buga kan kamar ganga tana rawa, har suka gaji suka ƙyale ta, ta gama makarantarta. Ni kuka nake yi, wataƙila shi ya sa suka daɗe a kaina. Ba na so Maharazu ya ƙare a bayan rumbu. Na rubuta masa 'yar takarda, ga ta a ciki, ka ba shi.

Roƙona ɗaya. Ka ce wa Yahuza ya bar wasan a tsakar gida, kada ya riƙa fita da shi. Nawa sunan dariya kawai yake jawowa. Wannan ban san abin da zai jawo ba.

Ƙanwarka,
Suwaibatu

Maharazu,

Ina gaishe ka, Nana Aisha tana gaishe ka. Ta ce ka aiko mata da fensir mai kala. Na ji abin da ya faru tsakaninka da Yahuza. Kada ka sake ɗaga masa hannu, a gidan ubansa kake, kuma taubashinka ne. Na san sunan yana yi maka ciwo, ni ma yana yi mini. Amma masu tsokana fushinka suke nema, in ba su samu ba za su gaji. In sun kira ka, ka amsa musu, ka yi dariya. In suna wasan ka taya su, ka fi su iyawa. Ka daure har ka gama makaranta, daga nan ba mai kiranka sai da sunan da babanka ya raɗa maka. Ka riƙe salla. Ka riƙa cin abinci ko ba ka so.

Innarka

Sabuwa
Oktoba, 2021

Suwaiba,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ƙafar Hajaratu da sauƙi, ta ce a gode miki.

Albishirinki. Ban san me kika rubuta wa ɗanki ba, amma ya yi aiki kamar rubutun sha. Yaro ya canza. Yanzu in an ce Kacalla sai ya ce, "Na'am, yarana!" Ba faɗa, ba kumburi. Ranar zagayen Maulidi da kin ga abin dariya. Yahuza da abokansa suka naɗa masa rawani har ido, suka rataya masa taɓarya a kafaɗa kamar bindiga, suka ɗora shi kan baro suna turawa. Layinmu kaf aka fito kallo. Mai shayi ya ba shi shayi kyauta ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar mana shagonmu." Yanzu daga tasha har bakin asibiti ba wanda bai san shi ba. Ni da na yi shekara da shekaru a garin nan ban kai shi suna ba.

Maganar a bar wasa a cikin gida kuwa, ai ya riga ya fita, kuma kin ga bai cutar da kowa ba. Ya ɗan rame, amma tsayi yake yi. Ba ya yawan magana a gida, ya natsu, da ya ci abinci sai ɗaki. Ki kwantar da hankalinki.

Mamuda

Pauwa
Oktoba, 2021

Yaya Mamuda,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na karanta takardarka na kai wa Malama Najiba ta sake karanta mini, don in tabbata ban yi kuskure ba. Maganar taɓaryar ba ta yi mini daɗi ba, amma tunda ka ce yana dariya, kuma ba a faɗa, na gode Allah na gode maka. Rabon da in ci abinci in ji ɗanɗanonsa tun dawowar Nata'ala ta farko, yau na ci.

Ga ƙuli-ƙuli nan da daddawa. Ƙunshin da na ɗaure da jan zare na Yahuza ne, ka ce Gwaggonsa ta gode da ya riƙe ƙanensa. Ramar nan dai a duba, ko tsutsar ciki ce.

Suwaibatu

Sabuwa
Bayan Maulidi

Inna,

Ina wuni. Ina fatan kuna lafiya ke da Nana Aisha. Ban ba Nata'ala wannan ba don Kawu yana karanta duk abin da za a ba shi. Wata mata ce mai zuwa biki Ƙanƙara ta ce za ta sa a kawo miki.

Inna, na yi yadda kika ce. Ina amsawa, ina dariya. Ba su gaji ba. Da 'yan ajinmu ne kawai, yanzu har 'yan aji ɗaya da masu tura baro. In na shiga aji sai kowa ya ɗaga hannu sama a ce, "Mun miƙa wuya." In aka yi hari a wani ƙauye, da safe sai su kewaye ni su ce in faɗi shanu nawa na samu. In ban faɗa ba su riƙe ni a bayan aji har sai na faɗa. Akwai wani da aka kashe wansa a hanyar gona, shi ba ya dariya. Kallona kawai yake yi, rannan ya tofa mini yawu a riga.

Ranar Maulidi ban so hawa baron ba. Yahuza ya ce in ban hau ba zai karya sandar Baba. Rawanin ya rufe mini baki, shi ya sa ba wanda ya gane kuka nake.

Na gaya wa malaminmu, ya ce ai ya ga ni ma ina jin daɗin abin. Na gaya wa Kawu, ya ce namiji ba ya kawo ƙarar wasa. Na daina zuwa masallacin layinmu, ina tafiya na nesa inda ba a san ni ba. Lissafin ma yanzu in na duba ba ya shiga.

Inna, ki zo ki ɗauke ni. Zan yi noma. Zan yi duk abin da kika ce. Ko ba makaranta ba komai.

Ɗanki,
Maharazu

Pauwa
Nuwamba, 2021

Yaya Mamuda,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni ba lafiya ba.

Yau wata takarda ta iso hannuna daga Maharazu. Tun bayan Maulidi ya rubuta ta, ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu a Ƙanƙara, sai yau mai kai mana gishiri ya kawo. Ashe lokacin da nake ɗaura wa Yahuza ƙunshi da jan zare, ɗana yana can yana roƙon in zo in ɗauke shi.

Yaya, natsuwar da ka gani ba natsuwa ba ce. Dariyar ma ba dariya ba ce. Ba zan yi maka dogon bayani ba, don Allah ka sako shi a motar Nata'ala wannan zuwan. Kada ka ce sai an yi hutu. Kada ka yi masa faɗa don ya rubuto mini, ni na haife shi, wa zai gaya wa? Da zan iya da na taho da kaina, amma an tare hanyar Ƙanƙara kwanan nan, mai gari ya hana mata fita.

Kafin ya taho, ka hana shi zuwa tasha da duk inda baƙi suke taruwa. Mutanen layinku sun san wasa ne. Wanda ya zo daga wani gari bai sani ba.

Suwaibatu

Pauwa
Nuwamba, 2021

Yaya,

Salamu alaikum. Nata'ala ya dawo ba yaro ba amsa. Ya ce ya ba Yaya Hajaratu takardata a zaure, ta ce ba ka nan, ta shige ciki da sauri. Na tambaye shi ko ya ga Maharazu, ya ce bai gan shi ba, yana maganar yana duba tayar motarsa. Nata'ala mai surutu ne, ban taɓa ganin ya rasa abin faɗa ba.

Jiya a bakin rijiya ina isowa mata suka yi shiru.

Ko mene ne ka gaya mini. Na binne miji, zan iya jin magana. In ba ka da lokacin rubutu ka sa hannu a farar takarda ka aiko, in san dai kana ji na.

Suwaibatu

Sabuwa
Disamba, 2021

Suwaiba,

Wa alaikumus salam. Kafin komai, ɗanki yana da rai. Ki yi hamdala sannan ki karanta sauran.

Takardarki ta farko ta watan Nuwamba ta zo bayan abin ya riga ya faru, ta biyun kuma ban san me zan ce miki ba, shi ya sa na yi shiru.

An kai hari wani ƙauye yamma da mu, an kashe mutane. Washegari da hantsi 'yan sa-kai na can suka kawo waɗanda aka ji wa rauni asibiti, suka tsaya a tasha ransu a ɓace. Na aiki Yahuza da Maharazu su karɓo mini buhunan da ba kowa a ciki. Wani ɗan makarantarsu ya hango shi ya ɗaga murya ya ce, "Kacalla, yaranka sun yi aiki jiya!" Shi kuma ya juya ya ɗaga hannu yana dariya ya ce, "Na'am, sai godiya." Mutanen nan ba su san gidana ba, ba su san wasa ba ne. Sun ga dogon yaro fari ya amsa. Suka jefa shi a mota.

Yahuza ya rugo ya gaya mini, a nan ya yi ƙoƙari. Ni da mai unguwa da liman da shugaban makarantarsu muka yi ta sintiri, muka dafa Alƙur'ani cewa maraya ne, 'yan bindiga ne ma suka kashe ubansa. Suka ce to me ya sa gari duka yake kiransa haka, shi kuma yana amsawa? Da ƙyar suka sake shi bayan kwanaki. Hannunsa na dama ya karye, an ɗora. Kunnen hagu ba ya ji sosai, likita ya ce a jira a gani.

Mai unguwa ya ce kada ya ci gaba da zama a nan, don ba kowa ya yarda da rantsuwarmu ba, kuma wasu iyaye sun ce in ya koma aji za su cire 'ya'yansu. Pauwa ma ban ga ta yi ba. Direbobi sun kai labari tashar Ƙanƙara cewa an kama ɗan Bafulatanin Pauwa yana kai wa 'yan daji rahoto. Sai na aika wa Gide a Tafoki, bai ko yi musu ba ya ce a kawo shi. Kin ga amfanin zumunci. Yahuza da kansa ya raka shi.

Suwaiba, ƙaddara ce. Ba wanda ya nufi haka. Da muna haɗa kayansa na ga takardar da kika rubuta masa, ke ma kin ce ya amsa ya yi dariya. Ban faɗa don in ɗora miki ba, na faɗa ne don kada a ɗora wa Yahuza shi kaɗai. Yaron nan ba ya cin abinci, Hajaratu kullum kuka. Ki rubuto ki ce kin yafe masa, in karanta masa ya samu sauƙi. Mu 'yan'uwa ne, kada wasan yara ya raba mu.

Yayanki,
Mamuda

Tafoki, Faskari
Disamba, 2021

Yaya Mamuda,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni da Nana Aisha muna Tafoki, mun iso lafiya. Ranar da takardarka ta zo na je na durƙusa wa mai gari ya bar ni na bi motar masu kai wake.

Gide ne ya tare mu a zaure. Ya tsufa, haƙoransa na gaba sun zube. Yana ganina ya washe baki ya ce, "A'a, Su-su-suwaiba, ke ce da rana haka? Iyayen gida sun zo gaida bayinsu." Na ce masa ina yini. Ya karɓi ɗana lokacin da kowa yake gudunsa, ba zan ce bai kyauta ba.

Na tarar da Maharazu a bayan gida yana zaune kan turmi, hannu a ɗaure da kara, yana kallon katanga. Na tsaya a bayansa na ce, "Maharazu." Bai juyo ba. Na ce ko kunnen ne, na zagaya ta dama na sake kira, nan ma bai juyo ba. Sai ƙaramin ɗan Gide, Mas'udu, wanda ko makaranta bai shiga ba, ya ja mini zane ya ce, "Ba haka ake kiran shi ba, bari ki gani." Ya ce, "Kacalla!" Yaya, kafin yaron ya rufe baki ɗana ya juyo, haƙora a waje, idanunsa kamar na wanda ake shirin duka. Sai da ya ga ni ce fuskar ta sauka.

Na tambayi matar Gide yadda sunan ya zo nan. Ta ce ranar da suka sauka, Yahuza yana ba yaran gida labarin abin da ya faru, a nan suka ji. Na yi wa Gide magana ya ce, "Haba, yara ne, mi suka sani?" Jiya mai unguwar nan ya aiko yana tambaya wane ne baƙon yaron da ake kira da sunan 'yan daji.

Ba ya magana sosai. In ya ji mota ta tsaya a waje sai ya tashi ya shige bayan ƙofa. Da safe in yaran gida suka sa kayan makaranta sai ya zagaya bayan gida ya yi amai. Na nuna masa littafin lissafinsa da ka haɗo a kaya, ya juya shi ya kife. Magana mai tsawo ɗaya ya yi mini tun da na zo. Ina shafa masa man zafi a kafaɗa ya ce, "Inna, da suna dukana ma na yi dariyar. Ba su bari ba."

Ka ce in rubuto na yafe wa Yahuza. Yafiyar ba tawa ba ce, mai ita kuma bai kai ga wannan maganar ba tukuna. Abin da na rubuta wa ɗana ni zan ɗauki nauyinsa har gaban Allah, ban nemi kowa ya taya ni ba. Ka ce wa Yahuza ya ci abinci. Ka ce masa kuma yana da ƙanne, su ma wata rana za a kai su gidan wani.

Ga abin da na yanke. Sabuwa ta ƙi shi, Pauwa labari ya riga mu isa, Tafoki kuma kwana kaɗan ya rage. Duk gidan da dangi suke, sunan zai shiga tare da gaisuwa, kuma za a ce mini wasa ne. Tun kafin in taho, wata mata da muka yi ajin Malama Najiba tare ta haɗa ni da masu neman mai suyar ƙuli-ƙuli a wani gari mai nisa, da ɗaki ɗaya a bayan gida. Gobe in Allah ya kai mu za mu tashi mu uku. Dawata da ke tsaye a gona na bar wa maƙwabciyata ta girbe. Ban san ko zai sake shiga aji ba. Ban san ko kunnen zai dawo ba. Abin da nake nema yanzu ya kwana ya tashi a inda in an kira shi ba zai firgita ba.

Ka gaida Yaya Hajaratu, na gode da abincin da ta ba shi shekara guda. Kada ka ba Nata'ala amsa, ba zai same ni ba, kuma bai san inda muka nufa ba. Gide ma bai sani ba. Garin da za mu je ba mu da ɗan'uwa ko ɗaya a cikinsa, shi ya sa na zaɓe shi.

Wassalam.
Suwaibatu